In Za A Tilasta Inshorar Lafiya, A Fara Tilasta Wa Gwamnati

Tun watan Mayun 2022 doka ta wajabta wa kowane ɗan Najeriya shiga tsarin inshorar lafiya. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ne ya sa mata hannu, ita ce kuma ta soke tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta kafa sabuwa mai suna NHIA a gurbinta. To amma shiga kasuwar Tudun Hatsi a nan Gombe ka tambayi masu awon masara da 'yan dako da masu ɗinkin buhu ko sun san akwai wata doka da suke takewa kullum. Kallonka kawai za su yi, don ba su taɓa jin labarinta ba. Waɗanda suka san da zamanta galibinsu ma'aikatan gwamnati ne, su ma abin da suka fi sani shi ne 'yan kuɗin da ake cire musu a albashi duk ƙarshen wata. A ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, masu rajista ba su wuce miliyan 20 da 'yan kai ba. Wato a cikin mutum goma, tara suna biyan kuɗin asibiti ne ranar da ciwo ya zo, da abin da ke hannu ko da abin da aka ranto.

Ina cikin masu goyon bayan inshorar lafiya, kuma ban ƙi a tilasta ta ba. Abin da na ƙi shi ne a fara tilascin daga kan talaka. Dokar nan nauyi biyu ta ɗora. Ɗaya a kan ɗan ƙasa, ɗaya a kan gwamnati, wadda aka ce ta kafa asusun biya wa marasa galihu. Lokacin da aka sa hannu, mutum miliyan 83 aka ambata cewa asusun zai ɗauke wa nauyi. Amma duk cacar bakin da ake yi a kan nauyin farko take: wa za a cire wa, nawa za a cire, me za a yi wa wanda ya ƙi shiga. Na biyun kuwa sai a ambace shi a jawabi a wuce. Ni a ganina nan ne gizo ke saƙar.

Kowa ya san yadda aka yi magani ya gagari mutane. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. Mu kuwa kusan kashi 70 cikin ɗari na magungunan da muke sha daga waje ake shigo da su, waɗanda ake haɗawa a gida ma sinadaransu daga Indiya da Sin suke zuwa, da dala. A watan Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da zai tattara ya-nasa-ya-nasa ya bar ƙasar, kuma masu asma da ke shaƙar Ventolin ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ya biyo baya. Asibiti da janareta yake aiki. Dizal ya tashi, kuɗin wuta ya tashi, dole kuɗin tiyata da na gwaji da na hoto su bi sahu. Hatta kuɗin motar da za ta ɗauko mai naƙuda daga wani ƙauyen Dukku ko Nafada zuwa cikin gari ya zama abin da sai dangi sun zauna sun yi shawara. Gwamnatin tarayya ta yafe haraji a kan kayan haɗa magani a watan Yunin 2024, mataki ne mai kyau, sai dai wanda ke tsaye gaban kanta da takardar likita a hannu bai ga wani sauƙin a-zo-a-gani ba.

Mai son ganin tsadar nan da idonsa ya samu benci a kemis ɗin unguwa bayan Magariba ya zauna. Akwai wani da nake yawan zama a wurinsa. Wani dare wani dattijo ya shigo, ya cire hula ya zaro takarda a ninke ya miƙa. Magani uku likita ya rubuta masa, biyu na hawan jini, ɗaya na suga. Mai kemis ya lissafa ya faɗi kuɗi. Dattijon ya yi shiru, ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da abin da ke ciki, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

Ya ce, "Ɗana, a cikin ukun nan wanne ne in ban sha ba zan iya kai wata?"

Mai kemis ya ce, "Baba, duka ukun ana so ka sha."

Ya ce, "Na sani. Wanne ne dai?"

Ƙarshe aka yanka masa rabin kati na guda biyu daga cikin magungunan aka ƙulla a 'yar leda, na ukun aka bar shi sai Allah ya hore. Almakashin da aka yi yankan da shi a ɗaure yake da zare jikin kanta, saboda ba ya hutawa. Da shi ake yanka maganin zazzaɓin yaro na kwana uku a ba da na kwana ɗaya. Da shi ake raba maganin kashe ƙwayoyin cuta gida biyu. Duk malamin asibiti zai gaya maka inda wannan ke kai mutum. Hawan jinin da ake sha wa magani yau a bari gobe, shi ne shanyewar ɓarin jiki na baɗi, shi ne ƙodar da za a riƙa wankewa duk mako. Maganin da aka sha rabi aka ajiye shi ke sa cuta ta daina jin magani. Abin da aka yi tsimi a kemis, ninkinsa ake biya a gadon asibiti, in ma an kai can ɗin.

In ciwo ya girma kuwa, mun san yadda kaya ke fita daga gida ɗaya bayan ɗaya. Akuyar uwargida ce ta farko, sai buhunan da aka ajiye don damina, sai babur, sai a jinginar da gona. Daga nan sai masallaci, a miƙe bayan an sallame a ce jama'a ga wani bawan Allah can a kwance. A coci ma haka ake yi ran Lahadi. Ko kuma a ɗauki hoton mara lafiya a halin da ba zai so a gan shi ba, a ɗora a Facebook da lambar asusu a ƙasa. Mutanenmu akwai tausayi, ana tara abin da ya sawwaƙa. Amma wanda ya fi samu shi ne wanda hotonsa ya fi karya zuciya, ko wanda ɗan'uwansa ya fi yawan mabiya. Na ƙauye ba shi da mai ɗora shi a intanet, sai jiƙe-jiƙe da haƙuri. Idan aka ce fiye da kashi 70 cikin ɗari na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa, to akuyar nan da gonar nan ake nufi.

Shi ya sa ba zan shiga sahun masu zagin inshora ba. Ba wani abu ba ne illa a tara kuɗi tun kafin ciwo ya zo, masu lafiya da yawa su ɗauki nauyin 'yan kaɗan da suka kwanta, ba tare da an san wa zai kwanta ba. Akwai malaman da ke da ja a kan inshorar kasuwanci saboda rashin tabbas da kuɗin ruwan da ke cikinta, kuma ja ne da ya kamata a saurara. Amma asusun da jama'a suka haɗa don taimakon junansu yana da asali mai ƙarfi. Hadisin Ash'ariyyawa yana cikin Bukhari da Muslim: idan guzurinsu ya yi ƙasa a wurin yaƙi, ko abincin iyalinsu ya yi ƙaranci a Madina, sai su tara abin da kowa ke da shi a mayafi ɗaya su raba daidai wa daida, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Don haka ban yarda da masu cewa addini ne ya hana mutanen Arewa shiga ba. Babu kuɗin ne, sannan babu yarda.

Rashin yardar ba daga sama ya faɗo ba. Duk lokacin da 'yan ƙwadago suka tayar da jijiyar wuya a kan sabon cirewa daga albashi, wasu jami'ai kan ce taurin kai ne. To amma ma'aikacin da tun 1992 doka ta ce a cire masa kashi 2.5 cikin ɗari don asusun gidaje, ya zo ya yi ritaya a gidan haya, ya kuma ga tsofaffin abokan aikinsa suna zaryar neman garatuti shekara da shekaru, in ka zo masa da wata sabuwar cirewa me kake so ya ce maka? Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, kuma lokacin da aka amince da shi da ƙyar yake sayen buhun shinkafa ɗaya. Tarihin tsarin inshorar kansa bai taimaka ba. Dokarsa ta farko ta 1999 ce, ya fara aiki a 2005 zamanin Obasanjo, ya kuma yi shekara 17 bai wuce ma'aikatan tarayya da na manyan kamfanoni ba sai kaɗan. Rigimar da aka sha daga 2017 zuwa 2019, lokacin da Farfesa Usman Yusuf ke shugabantar hukumar, ta fito fili da kukan da asibitoci suka daɗe suna yi, cewa kuɗi na fita daga hukuma su maƙale a hannun kamfanonin HMO, masu shiga tsakanin hukuma da asibitoci, asibiti na bin bashi.

Wanda ya shiga ɗin ma, me yake tararwa? Na taɓa raka wata 'yar'uwata mai katin inshora wani asibiti. Ta ga likita lafiya lau, ba a karɓi ko sisi ba. Da muka je tagar karɓar magani, yarinyar da ke ciki ta duba takardar ta miƙo farasitamol da maganin ƙarin jini, ta yi wa layi biyu alama da biro ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, waɗannan babu su a namu, sai dai ki duba waje." Waɗanda babu ɗin su ne ainihin maganin ciwon. Muka tsallaka titi muka saya da kuɗi. A mota ta ce mini, "To ni yanzu me katin ya tsinana mini?" Ban samu amsar da zan ba ta ba, kuma na san labarin nan ta kai shi gidan suna da gidan biki. Mutum ɗaya da aka ce wa ya duba waje ya isa ya hana unguwa guda yin rajista.

Ban ɗauki wannan a matsayin mugunta daga asibiti ba, lissafi ne. Yadda tsarin yake, ana ba asibiti wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ya zo ko bai zo ba, a cikin kuɗin nan ne za a duba shi a yi masa ƙananan gwaje-gwaje a ba shi magani. Sama da shekara goma wannan kuɗi yana tsaye a naira 750, alhali farashin komai ya bar shi a baya. Sai da aka kai ruwa rana sannan aka yi ƙari a 2024, a 2025 kuma aka kai shi naira 1,450. Asibitin da aka ba abin da bai isa ba, ko kuma aka ba shi a makare, hanya ɗaya gare shi: ya ba mai kati mai arha, ya ajiye mai tsada don mai tsabar kuɗi. Masu asibitocin kuɗi da ke cewa farashin hukuma ba ya fitar da su suna da gaskiyarsu, ma'aikacin da ke cewa ana cire masa a banza shi ma yana da tasa. Dukansu biyun abu ɗaya ke cin su, asusun ya yi ƙanƙanta.

Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba. A tsarin ma'aikata, kati na rufe mai albashi ne da abokin aure ɗaya da 'ya'ya huɗu na cikinsa 'yan ƙasa da shekara 18. Duk wanda ya ƙaru sai an biya masa daban. Wanda ya zana wannan bai shiga gidajenmu ba. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya goma, ga tsohuwarsa a ɗakin tsakar gida, ga marayun ɗan'uwansa, an miƙa masa fom an ce ya zaɓi mace ɗaya da yara huɗu. Wace zai rubuta, kuma da wane ido zai dubi ɗayar? Ba ina cewa asusu ya ɗauki kowa a farashin mutum shida ba, kuɗi ba zai yarda ba. Cewa nake tsarin da ke bin takardar albashin maigida zai bar rabin gida a waje ko da maigidan yana ciki.

Balle kuma yawancin mutanen jihar nan ba su da takardar albashi ko kaɗan. Manoma ne, makiyaya ne, 'yan tireda, 'yan acaɓa, masu suyar ƙosai, masu wankin hula. An buɗe musu ƙofa an ce kowa na iya zuwa ya biya na shekara da kansa. Amma wanda ke neman na cefanen yau ba zai ɗauki dubban nairori ya biya don ciwon da bai zo ba. Wa zai biya? Wanda ya riga ya san yana da ciwo, ko mai juna biyu da aka ce za a yi wa tiyata. Asusun da marasa lafiya kaɗai ke shiga kuwa ba ya daɗewa. Wannan shi ne hujjar masu cewa a tilasta, kuma hujja ce ta gaskiya. Inda muka rabu da su shi ne, ba a tatsar abin da babu. Ka kafa doka goma, mai turin baro ba zai biya ba, don ba shi da shi. In ana so ya shiga, sai an biya masa daga baitulmali.

Ba sabon abu nake kawowa ba. Ghana ta kafa nata tsarin a 2003 zamanin Shugaba John Kufuor, kuma ƙashin bayansa harajin kashi 2.5 cikin ɗari ne da aka ɗora a kan cinikin kayayyaki aka keɓe wa asusun, aka kuma ɗauke wa yara da tsofaffi da masu juna biyu biyan kuɗin shiga. Suna da nasu matsalolin, su ma asibitocinsu na kukan jinkirin biya, amma sun rufe sama da rabin al'ummarsu. Tailan ta rufe kusan kowa tun 2002, ita ma da kuɗin haraji. Mu kuwa a Abujarmu ne shugabannin Afirka suka taru a watan Afrilun 2001 suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kuma har yau gwamnatin tarayya tana yawo ne a wajajen kashi 5. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, kusan naira biliyan 55. Ko duka aka raba wa mutum miliyan 83 ɗin nan, kowa ba zai samu naira 700 a shekara ba, kuma ba duka ne ke zuwa ɓangaren inshora ba. Asusun ya ƙaru tun daga lokacin, amma faɗuwar naira ta fi shi sauri. Masu kiran a ninka shi zuwa kashi 2 suna kan gaskiya. Haka nan harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi da aka kafa a dokar kuɗi ta 2021 da sunan kare lafiya, me ya hana a keɓe shi kacokan ga wannan asusu?

In an ce babu kuɗi, sai in tuna farkon 2025, lokacin da Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa, hankali ya tashi a kan magungunan ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Nan da nan aka samo dala miliyan 200 aka ƙara a kasafin shekarar. Ashe in an matsu ana samu. Jihohi ma tun da aka cire tallafin mai kasonsu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. Kuɗin nan daga aljihun talaka ya fito, shi ya biya a gidan mai, shi ya biya a tasha, shi ya biya a kemis. In an mayar masa da wani ɓangare a matsayin katin asibiti mai aiki, ba alfarma aka yi masa ba.

Ba zan ce ba a yi komai ba, don zai zama rashin adalci. A nan Gombe gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta kafa hukumar inshorar lafiya ta jiha, GoHealth, ta kuma gyara ƙaramin asibiti ɗaya a kowace gunduma cikin 114 da muke da su. Maƙwabtanmu na Bauchi suna da tasu hukumar ta taimakekeniya. Ministan lafiya tun Agustan 2023, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau ne, ya san asibitin ƙauye ba a takarda ba. A zamaninsa aka sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a watan Nuwamban 2024, aka kuma rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin tarayya. A ƙasar da ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, duk macen da tiyatar nan ta ceta abin godiya ce. Damuwata ita ce shirin da minista ya sanar, wani ministan na iya ajiye shi. Ga gwamnanmu shi ne shugaban ƙungiyar gwamnonin Arewa, ga minista daga maƙwabta. In a irin wannan lokaci ba a mayar da abin nan haƙƙi mai layi a kasafin kuɗi ba, ban san ranar da za a yi ba.

Wurin da nake auna kowane tsari da shi shi ne Kaltungo. Asibitin saran maciji na can yana karɓar mutane daga Gombe da Bauchi da Adamawa da Taraba da ma gaba, yawancinsu manoma da makiyaya da kububuwa ta sara a gona ko a wurin kiwo, ita wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa. Saran ya fi yawa lokacin noma da lokacin girbi, wato daidai lokacin da mutum ke sunkuye yana nemo abincin da mu na birni za mu ci. Maganin dafin yana aiki in an zo da wuri. Amma an sha ba da rahoton yankewarsa, kuma in ya yanke sai dangi su nemo da kuɗinsu, kwalba ɗaya dubun-dubatar nairori, wani kuma sai an sa masa fiye da ɗaya. Da labari ya bazu cewa babu magani kyauta, sai mutane su tsaya gida ana ɗaure ƙafa ana tsaga, a kawo mutum bayan jini ya fara zuba. Wannan manomi ba shi da albashin da za a cire, ba shi da shekarar da zai ware dubbai don rajista, kuma ba ganganci ne ya jawo masa ba. Duk gyaran inshorar da bai kai ga gadonsa ba, gyaran ma'aikatan ofis ne kawai.

Akwai masu cewa a bar zancen inshora gaba ɗaya, a ce asibiti kyauta ne a huta. Na fahimci zafin da ke sa su faɗa, amma mun ga irin wannan kyautar. A sanar a rediyo cewa haihuwa kyauta ce, ka je a miƙo maka takarda: safar hannu, auduga, allura, ledar ƙarin ruwa, har man janareta. Kyautar da ba a ware wa kuɗi ba suna ce kawai. Amfanin asusu shi ne yana da sunaye da adadi, ana iya tambaya nawa ya shiga, nawa ya fita, wane asibiti aka biya. Haka kuma ɗan siyasar da ke zuwa asibiti da masu kyamara ya biya wa marasa lafiya ashirin kuɗi, Allah ya saka masa, amma na ashirin da ɗaya fa, da wanda zai kwanta washegari? Da ya sayi katin shekara ga marayun mazaɓarsa, da alherin ya fi yaɗuwa.

Abin da nake nema a wurin gwamnatin jiha ba mai wuyar fahimta ba ne. An yi mana alƙawarin titi mai lamba, kilomita 100 a kowace ƙaramar hukuma cikin 11, kowa na iya bi ya auna. To a yi mana irinsa a lafiya. A faɗi yawan masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tsofaffi da masu buƙata ta musamman da gwamnati za ta biya wa a kowace gunduma, a faɗi nawa ne kan kowane mutum, a cire kuɗin tun daga tushe kafin a raba wa ma'aikatu. Sunayen waɗanda aka zaɓa kuma kada a haɗa su a ofishin jam'iyya. A tantance su gaban mai unguwa da liman da fasto da shugabar mata, a manna a bangon asibitin gunduma, wanda aka tsallake ya ga an tsallake shi ya yi magana. A gefen wannan takarda a manna jerin magungunan da kati ya ƙunsa da Hausa, da ranar da aka biya asibitin kuɗinsa na ƙarshe, don mai kati ya san wa zai tuhuma in an ce masa babu. Kuma a riƙe ma'aikata, don ministan da kansa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar a 'yan shekarun nan, kati kuwa ba ya duba mara lafiya da tsakar dare.

Masu ɗan hali da ba sa albashi, su ma akwai hanyar da ta dace da su. Manomi da kaka yake da kuɗi, to a je masa da kaka, a kasuwar Kumo ko ta Bajoga ranar da ya sayar da wake, ba a ce ya zo ofis a watan Yuli lokacin da yake neman kuɗin taki ba. 'Yan acaɓa da direbobi da 'yan kasuwa suna da ƙungiyoyin da ke karɓar tikiti kullum, ana iya ɗora 'yan nairori a kai in sun ga amfanin abin a jikin 'yan'uwansu. Masu fitar da zakka da masu waƙafi su duba, katin marayu da zawarawa wuri ne da dukiyarsu za ta yi aiki shekara guda cur. Idan gwamnati ta sauke nata, aka ga mai kati ya shiga ya fito da maganinsa a hannu, to a lokacin ne take da bakin cewa attajirin da ke da ma'aikata hamsin dole ya yi musu rajista, kuma ni zan kasance cikin masu mara mata baya.

Zaɓen 2027 na tafe, 'yan takara za su zo ƙofar gidajenmu, kowa zai ce zai inganta harkar lafiya. Duk wanda ya zo unguwarmu, daga mai neman kansila har mai neman gwamna, tambayar da zan yi masa a gaban jama'a ita ce: mutum nawa za ka biya wa a gundumar nan, nawa kan kowane ɗaya, kuma daga wane layi na kasafin kuɗi za ka ɗauko? In ya ce sai ya hau zai duba, ni dai ba zan ba shi ƙuri'ata ba.